Me Ke Cin Gidajen Gumagumai na Bakin Tafki?

A hunturun 1853 zuwa 1854 ruwan Tafkin Zurich na ƙasar Siwizalan ya ja baya ƙwarai. Mutanen ƙauyen Obermeilen suka shiga kwasar laka daga inda ruwan ya bari domin ƙara faɗin gonakinsu, sai suka ci karo da turakun itace a kafe, da fasassun tukwane da gatura na dutse a tsakaninsu. Ragowar gidajen mutanen da suka zauna bakin tafkin ne tun dubban shekaru. Daga baya aka yi ta gano irinsu a tafkunan da ke kewaye da tsaunukan Alps, har hukumar UNESCO ta sa wurare 111 cikin jerin kayan tarihin duniya a 2011. Mafi tsufa cikinsu sun doshi shekara 7,000.

Ruwan da ya rufe turakun nan shi ya hana su ruɓewa. Haka ma a Amurka. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da ake sare dazuzzukan arewacin Wiskonsin, ta ruwa ake turo gumagumai zuwa wuraren yankan katako na garin Ashland da ke gaɓar Tafkin Superior. Wasu sukan sha ruwa su nutse a hanya. A shekarun 1990 aka riƙa tsamo su daga ƙasan tafkin bayan sun yi shekara ɗari a can, aka yanka, aka tarar da katako lafiya lau, har masu ƙera kayan ɗaki na alfarma suna rububinsa. Amma a gaɓar irin waɗannan tafkuna, taku ashirin daga bakin ruwa, gidan da aka gina da irin gumaguman a zamani guda ya daɗe da durƙusawa. Rufi ya rufta, gungumen ƙasa ya zama gari, bangon baya ya shige cikin tudu. Duk wanda ya ga irin wannan kango yakan tambayi abin da ya cinye shi, ya kuma tambayi abin da ya kai maginin ya cusa gidansa cikin ƙasa, alhali ya san itace da jiƙaƙƙiyar ƙasa ba sa ga maciji.

Sai an san maginan tukuna. Gidan gumagumai shi ne wanda ake kwantar da bishiyoyi sukutum, ɗaya bisa ɗaya, a sassaƙe bakunansu a kusurwa su ciji juna, ba ginshiƙi, ba ƙusa. Sana'ar mutanen dajin arewacin Turai ce: Suwidin, Finlan, Norwe, Rasha. Mutanen Suwidin da na Finlan da suka kafa zango a bakin Kogin Delaware a 1638 suna cikin waɗanda suka fara kai ta Amurka. Babbar ƙaura ta zo daga baya, da yunwar ƙarshen shekarun 1860 da ƙarancin gona suka matsa wa talakawan can, ga kuma dokar Homestead da Shugaba Abraham Lincoln ya sa wa hannu a 1862, wadda ta ce wanda ya zauna kan eka 160, ya gina muhalli, ya noma ta shekara biyar, ta zama tasa. Daga Suwidin kaɗai sama da mutum miliyan ɗaya suka tsallaka teku. Da yawa suka nufi Minesota da Wiskonsin da Mishigan, ƙasar da ta yi kama da wadda suka baro: duwatsu, dajin bishiyar fayin (pine), sanyi, da tafkuna ko'ina. Minesota kaɗai tana da tafki 11,842 masu faɗin eka goma ko fiye.

Mutumin da ya iso filinsa a watan Satumba da gatari, da mata, da 'ya'ya ƙanana, makonni kaɗan gare shi kafin dusar ƙanƙara ta sauka. Kusan duk abin da yau ake gani kamar kuskure a gininsa, daga wannan lissafi ya fito.

Ruwa shi kaɗai ba ya ruɓar da itace. Wani abu mai rai ne ke cinsa, wato fumfuna, dangin naman kaza. Irinta na yawo a iska ko'ina, ya sauka kan kowane katako, amma ba ya tsira sai ya sami iska da ɗumi da danshi a lokaci guda. Gungumen da ke ƙasan tafki yana da ruwa har ya yi yawa, sai dai babu iska, ga sanyi, don haka fumfuna ba ta da ta cewa. Katakon da ke cikin ɗaki busasshe yana da iska da ɗumi, amma babu ruwa. Masana katako suna auna ruwan da ke jikin itace da nauyinsa: muddin bai wuce kashi 20 cikin 100 ba, itacen ya tsira, ya kai kusan kashi 30 ya daɗe a haka, an buɗe wa fumfuna ƙofa. Halaka tana tsakani, wurin da itace ke jiƙa ya kasa bushewa, ga iska tana ratsa shi. Bakin tafki kuwa shi ne ainihin wannan tsakanin.

Irin fumfunar da ta fi addabar fayin da danginsa takan cinye zaren da ke ba itace ƙarfi, ta bar abin da ya rage ja-ja, a tsattsage gunduwa-gunduwa, ana murza shi da yatsa ya zama gari. Mugun halinta shi ne ƙarfin gungume yana tafiya tun ido bai ga komai ba. Fatar waje da rana ke busarwa takan zauna da kyaunta, ciki kuwa ya zama hoto. Shi ya sa mai duba irin waɗannan gidaje ba ya yarda da ido. Basilla yake sokawa, ya kuma ƙwanƙwasa da guduma ya saurari amo.

Inda zai fara sokawa kullum shi ne gungumen ƙasa, wanda duk bangon ke kai. Ruwan da ya zubo daga rufi yakan bugi ƙasa ya fantsamo masa. Dusar ƙanƙara takan taru a jikinsa wata huɗu ko biyar, idan ta tashi narkewa ta riƙa shayar da shi a hankali, daidai lokacin da ɗumi ke dawowa. Ciyawa da ganye suna hana iska ta kai gare shi. Manomin da ya taɓa ɗora rumbu kan duwatsu ya riga ya san maganin: a ɗaga gindi daga ƙasa, a bar iska ta wuce ta ƙarƙashi. Bambancin kawai, mu gara muke gudu tare da laima, su kuwa a can arewa sanyi ya hana gara zama, fumfuna ce abokiyar gabarsu. Mutanen Norwe sun koyi darasin tun da daɗewa. Majami'un katakonsu na farko turaku ake kafawa cikin ƙasa, kuma babu ko ɗaya da ya rage a tsaye. Da suka koma ɗora ginin kan katakon gindi da ke zaune bisa duwatsu, sai ga majami'ar Urnes da aka gina wajen 1130 tana nan har yau. Wanda ya yi ƙaura zuwa Minesota ya san wannan sarai. Abin da lokaci ya ba shi dama ya yi shi ne ya mirgino duwatsu huɗu ko shida, ya ajiye su bisa ƙasa, ya ɗora gungume.

Bayan gindi sai kusurwa. Itace bututu ne siri-siri masu ɗimbin yawa a jere, waɗanda bishiya ke jan ruwa da su daga saiwa zuwa ganye, kuma sarewa ba ta hana su aikinsu. Yankakken bakin gungume yana shan ruwa ninki goma ko fiye bisa yadda gefensa ke sha. A gidan gumagumai kuwa bakunan nan ne ke leƙowa waje a kowace kusurwa, sau da yawa ma sun zarce inuwar rufi. Sassaƙar ma tana da magana. Idan an fafe ramin haɗi a saman gungume, ya zama kwano mai tara ruwa. Gwanaye a ƙasan gungumen sama suke fafewa, ya kife bisa na ƙasa, ruwa ya zame. Mutanen Finlan sun yi suna wajen sassaƙe gungume ya zama mai faɗi, su fafe tsawonsa ya zauna daram kan ɗan'uwansa da gansakuka a tsakani, shi ya sa gine-ginensu na yankin Embarrass a Minesota suka fi na maƙwabta jimiri. Sannan ɗanyen gungume idan yana bushewa dole ya tsage. Tsagar da ta dubi ƙasa ba ta da illa. Wadda ta dubi sama ita ke kai ruwan sama har zuciyar itacen, inda rana ba ta isa.

Irin bishiyar ma lamari ne. Jan tsakiyar tsohon fayin cike yake da ƙaro, farar sida da tamarak kuma suna da abin da ke korar fumfuna a jikinsu. Farin itacen da ke ƙarƙashin ɓawo kuwa, na kowace bishiya, ba ya jure komai. A Norwe har dabara suke yi: a sare rassan fayin a bar shi a tsaye shekaru, ƙaro ya cika masa jiki, kana a kayar. Wanda hunturu ke bin bayansa ba shi da wannan sukuni. Abin da ke kusa kuma yake iya ɗagawa shi yake sara, ko da asfen ne, wanda ba ya shekaru da yawa idan ya taɓa ƙasa. Sau da yawa ko ɓawon bai ɓare ba, ɓawo kuma shi ne ɗakin ƙwari, shi ne kuma mayafin da ke riƙe laima.

Tafkin kansa yana ƙara nasa. Hazo yakan kwanta a kansa da asuba, raɓa ta yi nauyi, bishiyoyin gaɓa su hana rana busar da bango, musamman na arewa, wanda a ƙasashen can bai cika ganin rana ba. Ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa. Sai kuma aikin ƙanƙara, wanda a ganina shi ne abin da baƙo ya fi rainawa. Ruwa idan ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100. A ƙasa mai laka abin ya fi haka, domin sanyi yana janyo ruwa daga ƙasa-ƙasa yana jera faifan ƙanƙara cikin laka, ƙasar ta kumbura ta ɗaga duk abin da ke kanta. Ba ta ɗagawa daidai, kuma idan ta narke ba ta mayar da dutse inda ta ɗauke shi. Dokar gini ta yau a arewacin Minesota ta ce a zurfafa harsashi ƙafa biyar, mita ɗaya da rabi ke nan, don a wuce inda sanyi ke kaiwa. Duwatsun da aka ajiye bisa ƙasa kuwa kowace shekara sai sun motsa. Kusurwa ɗaya ta sauka, haɗin gumagumai ya buɗe, rufi ya karkace, ruwa ya sami sabuwar hanya. Gine-ginen da ke dab da ruwa, kamar rumfar kwale-kwale da ɗakin gyaran kifi, suna da ƙarin masifa. Ƙanƙarar da ta rufe tafki takan takure a tsananin sanyi ta tsage, ruwa ya cika tsagar ya daskare, idan an ɗan sami ɗumi ta buɗe ta tunkuɗi gaɓa da ƙarfin da ke ture manyan duwatsu.

Duk wannan ciwo ne mai tafiya a hankali. Ranar da rufi ya huje kuwa, an shiga wani babi. Rufin gargajiya na arewacin Turai ɓawon wata bishiya ce mai farin jiki, wadda Finawa ke kira koivu, a shimfiɗa shi a danne da ƙasa mai ciyawa. A Amurka an fi amfani da tsagaggen katakon sida, daga baya takarda mai kwalta. Dukkansu 'yan shekaru gommai suke yi, gumaguman bango kuwa suna iya ɗaruruwa. Gidan da zai kai shekara 200 sai an sake masa rufi sau da dama. An tsallake sau ɗaya, ruwa ya fara sauka ta ciki, kan saman bango da dabe, shekara goma zuwa ashirin sun isa.

To me ya sa wasu suka haƙa tudu suka cusa gida a ciki?

Babban dalili ɗumi ne. A garin Tower, kusa da Tafkin Vermilion, an auna sanyin digiri 51 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos ranar 2 ga Fabrairu, 1996, mafi tsanani a tarihin Minesota. Digiri 30 ƙasa da sifili kuwa ba labari ba ne a can. Amma 'yan mitoci a cikin ƙasa, zafin yana zaune kusan digiri 5 sama da sifili, rani da hunturu. Bangon da ke jingine da tudu yana fuskantar wannan, ba ya fuskantar iskar da ta taso ta kan daskararren tafki ba abin da ya tare ta. Ga wanda kowane guntun itacen wuta da hannunsa zai sara ya faskara, wannan bambanci shi ne ko makamashi ya kai shi watan Afrilu ko ya ƙare a Fabrairu. Idan aka yi sa'a gangaren ya dubi kudu, ƙofa da taga suna samun ɗan hasken ranar hunturu, tudu kuma ya tare iskar arewa.

Akwai kuma lissafin ƙarfi. Ɗanyen gungume mai tsawon mita biyar ya fi ƙarfin mutum ɗaya ya ɗaga shi sama da kafaɗa. Idan tudu ya ɗauki bangon baya da rabin na gefe biyu, bishiyoyin da za a sara sun ragu, waɗanda za a ɗaga kuma ana iya mirgino su daga saman gangare su sauka kan bango. Ƙasar da aka haƙo ta zama dabe a gaba. Kuma a gaskiya, a yawancin tafkunan nan zaɓi kaɗan ne. Dusar ƙanƙarar zamanin da ce ta ƙwaƙule su, ta bar gaɓa ko dai gangare mai duwatsu ko fadama. Shimfiɗaɗɗen wuri busasshe, idan an same shi, na dankali ne da ciyawar saniya, ba a ɓata shi da gini.

Dabarar ma ba a Amurka aka ƙirƙiro ta ba. A Suwidin, musamman yankin Småland da ya fitar da 'yan ƙaura masu yawa, akwai ajin talakawa marasa gona, 'yan ƙodago da tsofaffi da zawarawa, da ke zaune a ƙananan ɗakuna da ake kira backstuga, a gefen filin wani. Mafi talaucin cikinsu a cikin gangare ake haƙa su, bangon baya ƙasa ko dutse, gaba kaɗai ke da katako. Wanda ya tashi a irin wannan ɗaki bai buƙaci a koya masa ba. Amma ya kuma san ɗakin talauci ne, kuma burinsa ya fita daga ciki. Iyalai da yawa shekara biyu zuwa biyar suka yi a ramin tudu, suka gina gida sosai a sama, suka mai da tsohon wurin ajiyar dankali ko garken dabbobi. Wanda ya gina abin da yake niyyar bari nan da shekara biyar, ba a tuhumarsa don abin bai kai ɗari ba.

Da yawa daga kangayen da ake gani a cikin tudu ma ba ɗakunan kwana ba ne tun asali. Wasu rumbunan ƙanƙara ne. Kafin firji, a tsakiyar hunturu ake yanko ƙanƙarar tafki da zarto, a jera ta a ɗaki, a lulluɓe da dusar katako mai kaurin kusan ƙafa guda, ta kai har ƙarshen lokacin zafi. Masunta ba su da sana'a sai da ita. Irin wannan ɗaki sanyin ƙasa yake nema, don haka gangaren da ke inuwa ya fi dacewa da shi, kuma tun ranar da aka fara amfani da shi yake ruɓewa daga ciki, tunda jiƙaƙƙiyar dusa ce manne da bango wata shida. Wasu kuma ɗakin sauna ne, wato ɗakin wankan tururi na Finawa, wanda asalinsa ma rami ne a gangare, kuma galibi kusa da ruwa ake gina shi. Shi ne sau da yawa ginin farko da iyali ke yi, su zauna ciki kafin gida ya tashi.

Ɗumin da tudu ke bayarwa bashi ne, kuma da bangon baya ake biya. Duk ruwan da ya sauka a saman gangare hanyarsa ta gangarawa tafki ce, gidan kuma ya tare hanyar. Itacen da ke manne da ƙasa ba ya taɓa sauka ƙasa da wancan kashi 30 ɗin. Jiƙaƙƙiyar ƙasa tana da nauyin kusan tan biyu a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi, tana turo bangon ba dare ba rana, idan ta daskare turin ya ƙaru. Masu hali da lokaci sukan gina ɓangaren da ke cikin ƙasa da dutse, su fara jera gumagumai daga inda ƙasa ta ƙare, su haƙa lambatu a baya ya karkatar da ruwa. Irin waɗannan su ne suka rage. Wanda ya sa itace kai tsaye, ko da ya raba shi da ƙasa da ɓawon bishiya, shekara goma zuwa ashirin ya saya.

Sai dai a yi hattara da abin da ido ya gani. Ba duk gidan da yau yake rabi a cikin tudu ne aka gina shi haka ba. Gangare yana tafiya. Duk lokacin da ƙasa ta daskare ta narke, takan ɗan zame ƙasa kaɗan, ruwan sama ya kawo yashi da laka, ganye ya zuba ya ruɓe ya zama sabuwar ƙasa, duka su taru a bayan bangon da ya tare su. Muddin da mai gida, kowace shekara zai sa shebur ya kwashe. Ba mai gida, cikin shekara hamsin ƙasa ta hau gungume biyu ko uku. A lokaci guda gidan ma yana sauka: gungumen ƙasa ya ruɓe ya murƙushe, na biyu ya gaje shi, shi ma ya ɗauki ciwon. Dama ɗanyen bango yakan ragu da kusan kashi 6 cikin 100 na tsayinsa a shekarun farko saboda bushewa. Shi ya sa ake ganin ƙofar da sai an durƙusa a shiga, har a riƙa cewa wai mutanen da gajeru ne. Mai bincike yakan duba ko akwai alamar haƙa a gangaren, da tulin ƙasar da aka fitar a gaba, da bangon dutse a baya. Idan taga ce ke daidai da ƙasa, ko aka tono aka tarar da duwatsun gindi a jere a ƙasa, tudun ne ya zo ya sami gidan.

A nan ne nake ganin masu cewa ruwa ne ya kashe gidajen nan suka tsaya a rabin hanya. Ruwan yana nan tun ranar da aka gina su. Abin da ya sauya shi ne mutum ya tafi. Murhun da ke ci wata bakwai a shekara yana busar da bango daga ciki, hayaƙi kuma yana korar ƙwari. Mai gida yana share dusar ƙanƙara daga gindin bango da saman rufi, yana sare reshen da ya yi inuwa, yana shafa kwaltar fayin a bakunan kusurwa, yana toshe ɗigo tun yana ɗaya. A arewacin Turai sauya gungumen ƙasa aiki ne da kowane kafinta ya sani: a ɗaga gida da jak, a zare ruɓaɓɓe, a zura sabo. Da wuta ta mutu, laima ta zauna, manyan tururuwa masu sheƙa cikin jiƙaƙƙen itace su shigo, beguwa ta bi gishirin zufa ta gaigaye dabe da ƙotar kayan aiki.

Mutanen kuwa dalili ya kore su. Ƙasar da aka sare dajinta a arewacin Minesota da Wiskonsin da Mishigan ba ta noma: duwatsu, kututture, damina gajera. A shekarun 1920 da 1930 dubban gonaki suka koma hannun hukuma saboda an kasa biyan haraji. A Tafkin Superior wani kifi mai tsotsar jinin 'yan'uwansa ya shigo daga teku ta hanyoyin jiragen ruwa, zuwa shekarun 1950 ya kusa ƙarar da kifin da masunta ke rayuwa a kai. Lantarki da firji suka kashe rumbun ƙanƙara. Gidajen da suka koma wurin hutun mutanen birni kuma sukan kwana a rufe wata tara, ba wuta, ba iska. Wani lokacin ma gyaran ne ke ƙarasa su: a cika tsakanin gumagumai da siminti, wanda ba ya motsi tare da itace, ya tsage ya riƙe ruwa; ko a shafa fenti mai toshe numfashin itace, ruwa ya shiga ta tsaga ya rasa mafita.

Ceto yana yiwuwa, amma a dubi kuɗinsa. A tsibirin Kizhi da ke Tafkin Onega a arewacin Rasha akwai majami'ar gumagumai da aka gina a 1714, tsayinta mita 37, da ƙubba 22. Ita ma ba ta da harsashin kirki, ita ma gindinta ya ruɓe ta fara karkata. A 1980 aka rufe ta, aka kafa mata ƙarafa a ciki su riƙe ta, aka shafe shekaru ana gardamar yadda za a yi. Daga ƙarshe aka ɗaga saman ginin aka rataye shi bisa ƙarafan, aka riƙa kwance shi hawa-hawa daga ƙasa, a duba kowane gungume, a yi wa mai gyaruwa ƙari, a sauya wanda ya mutu, aka kuma yi sabon harsashin dutse. Sai a 2021 aka sake buɗe ta ga jama'a. Dabarar kafintan ƙauye ce ta jak da sauya gungume, sai dai da kuɗin gwamnati da idon UNESCO. Bukkar masunci ba ta da ko ɗaya.

A Amurka ma wani lokaci doka ce ke yanke wa gida hukunci. Camp Santanoni, katafaren gidan gumagumai da wani mai banki na birnin Albany, Robert Pruyn, ya gina a bakin Tafkin Newcomb a 1892 zuwa 1893, ya koma hannun Jihar New York a 1972. Kundin tsarin mulkin jihar ya ce dajin gwamnati na wannan yanki ya zauna daji har abada, don haka aka bar ginin kusan shekara ashirin ba gyara, sai da masu kishin tarihi suka tashi tsaye. Faffaɗan rufinsa da ya rufe baranda ya taimaka masa ya jira. A tsibirin Isle Royale na Tafkin Superior, da ya zama gandun ƙasa a 1940, an bar wasu masu gidaje su zauna iya rayuwarsu. Hukuma tana kula da 'yan kaɗan, kamar sansanin masunta na Edisen, sauran kuma gardama ce har yau tsakanin jikokin da ke son a bar su su ci gaba da gyara da masu ganin dajin ya kamata ya karɓi abinsa. Ni dai ban ga laifin a bar wasu su koma ƙasa ba, muddin an auna su an rubuta yadda aka sassaƙa su tukuna, tunda babu baitulmalin da zai ɗauki nauyin duka.

Akwai hanya ta uku, wadda irin ginin kansa ya ba da dama, tunda ba ƙusa ke riƙe da shi ba. Dorothy Molter, ma'aikaciyar jinya da ta zauna a wani tsibiri na Tafkin Knife a Minesota, kusa da iyakar Kanada, ita ce ta ƙarshe da aka bari ta zauna a dajin Boundary Waters bayan an hana zama a cikinsa. Da ta rasu a 1986, doka ba ta yarda gidajenta su ci gaba da tsayuwa a wurin ba. Masu sa kai suka kwance su gungume-gungume, suka ja su bisa ƙanƙara, aka kai su garin Ely, aka sake haɗa su a matsayin gidan tarihi da aka buɗe a 1993.